Hannun da Na Ɗaure a Bakin Gulbi

Gidan da na tashi a cikinsa a Birnin Kebbi ba shi da ƙofar rufewa. Zaure ne mai baki biyu, da asabari a bakin ciki, da tulu a kusurwa wanda ba ya rabo da ruwa, moɗa na kife a kansa. Baƙo zai yi sallama a amsa masa, a shimfiɗa tabarma, a dama fura, sai ya sha ya miƙe ƙafa tukuna a tambaye shi daga ina. Mahaifinmu malami ne, ba mai yawan faɗa ba, amma idan ɗayanmu ya yi garajen tambayar baƙo sunansa kafin ya sha ruwa, kallon da zai yi masa ya ishe shi jinya har washegari. Yau a wurin zauren nan shagon mai cajin waya ne. Ni kuma ina bayan gari, cikin katanga mai fasassun kwalabe a kanta, da ƙofar ƙarfe mai 'yar taga da ake leƙen mutum kafin a buɗe masa. Ba zan ɗora wa 'ya'yana laifin tagar nan ba, don ni da bakina na ce wa mai walda ya yi ta.

Abin da ya mayar da mu haka ba ɓoyayye ba ne. Maƙwabcina wani ya zo masa da farin gemu da dogon carbi, ya ce shi abokin marigayi babansa ne, ya ambaci sunan kakarsa har da na jakin da suka taɓa yi a gida. Aka ba shi ɗaki, aka yanka masa zakara, kwana uku ya ɓace da babur ɗin gidan. Wani kuma aka ce ya zo gaisuwar rasuwa, ashe ƙofofi ya zo ƙirga wa waɗanda suka aiko shi. Tun daga nan na koyi wani karatu da ba a allo na same shi ba, wato duk wanda ya zo ya san tarihinka da yawa, ka tambayi kanka wa ya ba shi. Mai ɗakina takan ce na zama kaza mai 'ya'ya, ko tsumma iska ta ɗaga sai in ce shaho ne. Ni kuma in ce mata da zargin nan nawa muke kwana lafiya.

Wata Laraba da hantsi, cikin zafin bazara, na ji keke napep ya tsaya a ƙofar gida, sannan aka ƙwanƙwasa a hankali, irin ƙwanƙwasar wanda bai saba da ƙofar ƙarfe ba. Na leƙa. Dattijo ne dogo, baƙi, ya ɗan girme ni, da tsagar Kabawa a kumatu wadda tsufa ya tattare, buhun albasa jingine a ƙafarsa, baƙar leda a hannu. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne bai dubi fuskata ba. Hannuna ya duba, na dama, wanda na dafa bakin tagar da shi. Ni cindo ne, yatsa shida gare ni a wannan hannun, kuma rabin Birni da Malam Cindo suka san ni. Ya daɗe yana kallon ɗan yatsan nan, sannan ya sauke ajiyar zuciya.

"Malam," ya ce, "kai na yaron da minjirya tak kama ga bakin gulbin Argungu?"

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san labarin ba ba zai gane abin da ya sa tambayar nan ta sa na ƙara riƙe sakata ba. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas ƙanwar mahaifiyata ta haihu a Argungu, aka tafi da ni suna. A bayan babbar mota muka je, bisa buhunan gishiri, ni ina dafe da sabuwar hulata da hannu biyu don kada iska ta ɗauke. Ban taɓa ganin gari mai ƙara irin wannan ba. Tun asuba mata ke sussukar shinkafa, taɓare na amsa wa juna daga gida zuwa gida, can fadama yara na jan igiyar gwangwanaye suna korar tsuntsu, masu jirgi na kiran juna daga wannan gaɓa zuwa waccan, ko'ina kuma warin kifin da ake banda. Mu 'ya'yan malamai ba a barinmu zuwa bakin ruwa. Mahaifiyata ta ja mini kunne sau uku, ni kuma da aka shagala da rabon tuwon suna na sulale.

A bakin gulbin na iske wani yaro, daga shi sai bante, zaune a gefen wata ƙatuwar gora irin wadda masunta ke kwanciya a kai su yi iyo, su kuma riƙa jefa kifin da suka kama ta bakinta. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya kira ni ɗan Birni. Ya ce a al'adarsu baƙo ba ya zuwa bakin ruwa ya koma hannu banza, ya turo mini gorar da ƙafa, fuskarsa ba ko alamar murmushi, ya ce, "Sa hannu ka ɗau rabonka." Na naɗe hannun riga kamar yadda na ga manya na yi, na zura har gwiwar hannu. Ban san minjirya ba a lokacin, ban san akwai kifin da Allah Ya ajiye wa wuta a jiki ba. Na taɓa wani abu mai laushi da santsi, sai na ji kamar an sheme ni da taɓarya tun daga yatsu har kafaɗa, haƙorana suka haɗu da harshe. Na yi baya na faɗa cikin ruwa ina kiran Inna. Da na ɗago, ga hulata can tana juyi a tsakiyar gulbi, tana tafiya abinta. Yaron kuwa ya kwanta cikin laka yana dariya har yana shure-shure.

Shekara talatin da wani abu na yi ina koyarwa, kuma babu ajin da ban ba wannan labarin ba. Duk sanda na ga yara sun fara gyangyaɗi bayan azahar sai in zaro shi. A bakina minjiryar ta yi ta girma har ta kai ɗan akuya, hular ta koma jar dara don ta fi daɗin faɗa, kukan da na yi ya zama har gida aka ji shi. Na ba da shi a majalisa, na ba da shi a wurin ɗaurin aure, jikokina sun haddace shi. Saboda haka wanda duk ya zo mini da shi bai zo da shaidar komai ba, abin da ke kan titi ya tsinta. Sai dai kullum a kan tafiyar hular nake tsayawa. Akwai sauran labari da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mai ɗakina.

Da na fito daga ruwan, haushi ya kore kuka. Na je na cafki hannun yaron na dama, na rufe ido, na shiga motsa baki ƙasa-ƙasa kamar yadda nake ganin mahaifina na yi wa marasa lafiya, na tofa masa sau uku a tafin hannu. Na ce, "Ni ɗan malamin Birni na. Hannunga ba shi ƙara kama kihi." Dariyarsa ta tsaya cak. Ni kuma na ruga gida, na sha bulala kan hula, na manta. Abin da na karanta ba komai ba ne, don a lokacin ban wuce babbaƙu ba, kaina bai buɗe da wuri ba. Sunayen baƙaƙe kawai na jera, ba, sin, mim ja, na sake dawowa farko. Ban faɗa a gida ba don da mahaifina ya ji na yi wasa da karatu da sai ya saɓe mini fata. Da na girma aka fara kirana malam sai kunya ta hana, daga baya kuma abin ya kwanta can ƙasan rai.

To, ga wani a ƙofata yana cewa shi ne yaron. Ban shigo da shi ba. Na fita na ja ƙofar a bayana, na nuna masa benci ƙarƙashin darbejiya, na zauna a ɗaya ƙarshen, inda zan iya ganin hanya ta kowane gefe. Ban ba shi ruwa ba. Mai ɗakina ce ta miƙo kofi ta 'yar tagar ba tare da ta tambaye ni ba, ta kuma tsaya nan a baya tana saurare. Ya faɗi sunansa, ban ko riƙe ba, don na riga na yanke na aro ne. Na shiga yi masa tambayoyi irin na ɗan sanda. Wa ya kwatanta masa gidana? Wa ya kawo shi? Me ya sa sai yanzu? Ya amsa ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Ya ce wani mai sayen albasa, tsohon ɗalibina, shi ya ba da labarin ana lodin mota, ana ta dariya, har ya ce malamin nasu cindo ne. Ya ce tun yana saurayi ya taɓa zuwa Birni sau biyu yana neman ɗan malami mai yatsa shida, amma Birni malamai sun yi yawa, ya ga cindo biyu, duk ba su ba ne. Ya miƙo mini ledar, ya ce ramuwar hulata ce. Ban karɓa ba, na ce ya ajiye a ƙasa. Amsoshin nasa sun yi daidai, kuma daidaituwarsu ce ta ƙara tsorata ni, don na maƙwabcina ma haka ya zo, babu inda maganarsa ta yi tuntuɓe.

Sai na ce masa, "Labarin ga tatsuniya ta. Ni niƙ ƙaga ta don yara su bar kwana ga aji. Ban taɓa sa hannu ga gorar kowa ba."

Ya dubi ɗan yatsana, ya dubi ƙasa. Bai yi gardama ba. Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, na ɗauka an gama, sai ya miƙo mini hannunsa na dama, tafin a buɗe.

"To, ko ba ka tuna ba, ka kwance min tohin," ya ce. "Ran Assabar za a buɗe su, kamun kihi, ga tabkin garinmu. Ban san ko ina ganin na baɗi ba."

Babu mai rai da ya san maganar tofi. Amma zuciyar da ta saba da zargi ba ta rasa ƙofar fita. Nan take ta ce mini ai kowa ya san ɗan malami da tofi, cinta ya yi ta faɗa daidai. Ta kuma ce mini da yawun mutum ake yi masa asiri, wataƙila yawun naka aka aiko shi karɓa. Ga shi kuma na riga na yi ƙarya a gaban matata, janyewa ta yi mini nauyi. Na ce ban san abin da yake faɗa ba. Ya mayar da hannun cikin aljihu, ya ce Allah Ya ba mu alheri, ya kama hanyar bakin titi a ƙafa. Ya bar buhun da ledar a inda suke.

Kwana biyu kayan nan suna bayan ƙofa na hana a taɓa. Albasar na sa wuƙa na tsaga guda biyar ina neman abin da ni kaina ban sani ba, ban samu komai ba sai hawaye. Daga baya na gano tun ranar farko da ita mai ɗakina take mana miya, ta ce ta ga har yanzu muna da rai. Ledar kuwa da sanda na buɗe ta, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na ɗauko reza na farke gindin hular ina neman laya, na bi ɗinkin kaf, zare ne kawai da ƙyalle. Sai da na gama ɓarnar na shimfiɗa ta a gwiwa, tukuna na ga abin da ke gabana. Hular ba za ta shiga kaina ba, ko rabi. Ta yaro ce ɗan shekara bakwai. Kuma ba jar dara ba ce ta labarin aji. Fara ce mai aikin koren zare a baki, irin wadda mahaifina ya saya mini, wadda ni kaina na manta kalarta saboda yawan ƙaryar da na yi a kanta. Mai damfara da zai kawo hula, wadda za ta shiga kaina zai kawo, kuma ja.

Mai ɗakina tana tsaye a bakin ɗakin girki. Ba ta tambaye ni ko gaskiya ne ba. Ta ce, "Ya dai ce Assabar."

Ba zan ce zargin ya sake ni ba, kada in ƙara wata ƙaryar. Da safen Asabar na cire agogona na bari a gida, na ce idan azahar ta yi ban kira ba a sanar da babban ɗana, na cusa 'yar hular a aljihu. A mota na zauna bakin ƙofa, ina kallon fasinjoji ɗaya ɗaya ina raba musu laifi. Argungun da na sauka ba wadda na sani ba ce. Ban ji taɓarya ko ɗaya ba, sai injin casa da injinan ban ruwa suna ta ɓarin baki a fadama. Gulbin ya rame, ko kuwa ni ne na girma. A nan na gane wautata, na zo neman mutumin da na ƙi riƙe sunansa. Na shiga unguwar masunta ina kwatance, dattijo dogo mai albasa, kowa na tambaya sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce bai sani ba. Wata mai suyar kifi ta ƙare mini kallo, ta ce me nake nema a wurinsa, wa ya aiko ni. Na san kallon nan sarai, ni ne dai ban taɓa tsayawa ta wannan gefen nasa ba. Sai da na ce ɗan masunta ne amma ba ya su, tukuna ta ajiye matsami.

"Busasshen Hannu kaka nema," ta ce. "Shina bakin tabki. Ka duba inda anka aje riguna."

Ɗan acaɓa ya kai ni, ta cikin gonakin albasa da aka riga aka cire. Tun daga nesa na ji kiɗa. Maza sun yi layi a bakin tabkin, tsofaffi da samari, kowa da homarsa, wato ragar hannu mai baki kamar baka, da gora a gefe, wasu kuma jarka suka yanke wa baki. Ana jiran sarkin ruwa ya ba da izini. Can baya, nesa da ruwa, ƙarƙashin wata tsamiya inda mata ke sayar da kunu, ga tsibin riguna da takalma da huluna. A tsakiyarsu mutumin nawa yake zaune, yana tsaro. Ya gan ni bai yi mamaki ba, ya matsa ya ba ni gefen tabarma, ya sa aka kawo mini kunu kafin ya ce komai.

Bai yi mini gori ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Labarin kawai ya ba ni, da murya ɗaya, kamar na wani. Bayan ranar gorar nan ya bi mahaifinsa su sau uku bai kama ko ɗan tsako ba, don da ya kai hannu ruwa sai ya ji yana rawa. Tsoro ya sa ya faɗa wa uban abin da ya faru. Aka kai shi wurin malamai, ya sha rubutu har ya gaji, wasu suka ce ba komai, wasu suka ce sai wanda ya ƙulla. Uban ya ɗauki maganar na biyun. A gidan masunta ba a wasa da hannun da aka ce ya bushe, ba a barinsa ya taɓa homa ko ƙugiya ranar su, kada ya shafa wa sauran. Homar gado ta koma hannun ƙanensa, shi aka tura shi Augie wurin kawunsa ya koyi albasa. Ya ce albasa ta rufa masa asiri, ya yi aure, ya aurar, ya dawo gida da tsufa. Amma duk shekara ranar su, tun yana saurayi, aikinsa ke nan, tsaron rigunan mutane. Ya ce shi ya fara cuta, ya sani, don haka ya zo da hula.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba na fatan in ƙara ji. Shekarun da na yi ina sa yara dariya da labarin nan, shi yana nan ƙarƙashin tsamiya. Na ga babu abin da ya rage mini sai gaskiya, na faɗa masa duka. Na ce ban karanta komai ba, ban iya komai ba a lokacin, sunayen baƙaƙe na jera don in tsorata shi.

"Babbaƙu?" ya ce.

"Babbaƙu."

Ya buɗe tafin hannun ya zuba masa ido. Mai kiɗa ya canza salo, layin maza ya fara matsawa gaba. Na jira ya zage ni, ko ya tashi ya bar ni, na ma so ya yi. Sai ya ce babansa ya rasu yana ba shi haƙuri, yana cewa ya kasa nemo masa magani. Ya miƙo mini hannun.

"To, da su za ka kwance."

Na ce masa ai babu abin kwancewa, ba a ɗaure komai ba tun farko.

"Kai kas san haka," ya ce. "Hannun bai sani ba."

Na kama hannun. Tauri gare shi kamar bayan ƙwarya, duk kanta. Ni da na yi shekaru ina jan baƙi a gaban manyan malamai, na rufe ido a gaban masu kunu na ce ba, sin, mim ja, na sake dawowa farko. Na tofa sau uku. Kafin in saki na ƙara da addu'a ta gaskiya a cikin zuciyata, wadda ya kamata a ce ita na iya tun ranar. Na ce ya yafe mini. Ya miƙe ya tuɓe rigarsa, ya ninke, ya ɗora hularsa a kai, ya ajiye mini a cinya, ya ce in kula da kayan mutane.

Ɗan ƙanensa, wani ƙaton magidanci, shi ke riƙe da homar gidan. Da ya ga baffansa ya kai hannu sai ya ja da baya, ya ce Baffa ya yi haƙuri, yau ranar su ce. Tsohon ya nuna ni da haɓa, ya ce an kwance. Mutumin ya dubi gemuna, ya dubi hannuna, ya ƙirga yatsun da ido. Da alama duk gidan sun san da cindon nan, da shi aka yi musu reno. Ya saki homar, ya turo masa gora.

Aka ba da izini, ƙasa ta girgiza, ruwan ya koma laka cikin ƙiftawar ido. Shi bai yi gudu ba, a hankali ya taka har ruwa ya kai masa ƙugu, ya tsaya, ya tsoma hannun dama shi kaɗai ya bar shi a ciki, sannan ya ci gaba na daina ganinsa cikin kawuna. Na zauna da rigunan mutanen da ban sani ba, ina korar awaki daga takalma. Azahar ta wuce ban kira gida ba, na manta. Mutane suka fara fitowa da tarwaɗa da balli, kowa ya zo ya karɓi rigarsa ya yi mini kallon wane ne wannan. Tsibin ya yi ta raguwa har ya rage riga ɗaya a cinyata. Na fara tunanin idan ruwan nan ya ci shi, ni na kashe shi sau biyu.

Shi ne kusan na ƙarshe. Ya fito laka har ƙirji, yana haki, yana jan gorar. Ya zo gabana ya dire ta, ya turo ta da ƙafa. Fuskarsa ba ko alamar murmushi.

"Ɗan Birni," ya ce, "sa hannu ka ɗau rabonka."

Wallahi duk zargin da na taɓa yi a duniya ya taru ya dawo mini lokaci ɗaya. Na ce a raina da ni ne aka yi wa abin da na yi masa, da tun safe minjirya nake nema a tabkin nan, kuma mafi girma. Na tuna bai ce ya yafe ba. Na tuna likita ya ce zuciyata ba ta son firgita. Na leƙa bakin gorar, duhu ne da ɗan motsin ruwa. Na dubi idonsa, ban karanta komai ba. Ɗan ƙanensa ya matso, masu kunu sun bar ludayi suna kallo. Na ga idan ma ita ce, bashin... a'a, ba ma wannan ba, na ga dai idan ita ce na cancanta. Na naɗe hannun riga, na zura har gwiwar hannu.

Wani abu ya motsa a tafina, mai ƙaya a baya, ɗan ƙarami. Na fito da shi. Gargaza ce, ba ta kai tafin hannuna ba. Na sake lalubawa, ita kaɗai ce a cikin gorar. Na ce masa ya riƙe abarsa, ita ce ta farko. Ya girgiza kai, ya karɓi rigarsa daga cinyata, sai a lokacin na ga idonsa ya cika.

"Na riga na kama," ya ce. "Na yahe maka, Malam. Kai ma ka yahe min hulla."

Ba ni da leda, sai na zaro 'yar hular nan da na farke da reza, na naɗe kifin a ciki. Haka na riƙo ta a mota har Birni, fasinjoji na toshe hanci suna hararata, wata ma ta matsa da jakarta nesa da ni. Hannuna bai daina ƙarni ba, ban kuma wanke shi ba sai da aka kira magariba na tashi alwala.